Mai Mudu Biyu: Jawabi a kan Subul da Bakan Manya da Mamayar Ƙasashe

  

Ku sani, maganata ta yau a kan awo take. Kowa a nan manomi ne ko ɗan manomi, babu wanda bai taɓa tsugunawa gaban mai awo a kasuwar Funtuwa ko ta Dandume ba. Kun san akwai ɗan kasuwa mai mudu biyu. In zai sayi masararka da kaka sai ya fito da babban, mai zurfin ciki, ya cika shi har ya yi tozo, ya tara hannu. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya kare, ka komo saye gare shi, sai ya fito da wanda aka bubbuge wa gindi, ya shafe bakinsa. Malamai sun san surar da ta sauka a kan irin wannan mutum, ba sai na karanta ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda manyan dauloli suke awo da mudu biyu in an zo maganar shiga ƙasar wani da yaƙi, da yadda harshensu kan yi tuntuɓe wani lokaci, mudun da suka ɓoye cikin buhu ya faɗo a tsakar kasuwa.

Ran 18 ga watan Mayu 2022, a birnin Dalas na ƙasar Amurka, Joji Bush ƙarami, wanda ya mulki ƙasar daga 2001 zuwa 2009, ya tsaya yana jawabi yana zargin Putin shugaban Rasha a kan shigarsa Yukren. Ya ce a Rasha babu mai tsawata wa mai mulki, shi ya sa mutum guda ya yanke shawara shi kaɗai, ya afka wa ƙasa da mamaya ta rashin imani wadda ba ta da hujja ko kaɗan. Da ya zo faɗin sunan ƙasar sai bakinsa ya ce Iraƙi. Ya yi turus, ya ce Yukren yake nufi. Sa'an nan ya yi ƙasa da murya ya ce, Iraƙi ma. Kana ya ambaci shekarunsa, 75, wato tsufa ne ya jawo. Jama'ar da ke zaune suka yi dariya.

To, a nan akwai mas'ala. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi magana a kan wanda harshensa ya riga shi, ya yi nufin wata kalma sai kalmar saki ta fito. Suka rarrabe tsakanin fatawa da hukunci: a fatawa saki bai hau kansa ba, gama bai yi nufi ba, amma gaban alƙali ba a karɓar da'awarsa haka kawai sai an ga abin da ya gaskata ta. Saboda haka ba na cewa subul da baka iƙirari ne. Tsoho kan kira jikansa da sunan ɗansa, ba a kama shi da laifi. Amma ku lura, maganar mutumin nan kashi biyu ce. Ta farko tuntuɓe. Ta biyu, wato Iraƙi ma, ya faɗe ta bayan ya farga, ya gyara, hankalinsa na jikinsa. Wannan ba harshe ne ya riga shi ba. Kuma ko da bai faɗi ta biyun ba, alƙali ba ya bukatar iƙirari inda shaidu suka cika.

Ga shaidun. Ran 20 ga Maris 2003 Amurka da Ingila suka shiga Iraƙi da yaƙi ba da iznin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Hujjarsu ita ce wai Saddam Husaini ya tara makaman ƙare dangi. Ran 5 ga Fabrairu na shekarar, wazirinsu na harkokin waje, Kolin Pawal, ya ɗaga wata 'yar kwalba gaban kwamitin yana kwatanta gubar da ya ce tana Bagadaza. Aka ci ƙasar, aka bincike ta lungu da saƙo, ba a sami makaman ba. Kofi Anan, mutumin Gana, magatakardan Majalisar a zamanin, ya faɗa a 2004 cewa yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar. Waɗanda suka mutu, mafi ƙarancin lissafi ya haura mutum dubu 100, ban da marayu da gwagware da waɗanda suka bar gidajensu.

Abin da da yawa cikinmu ba su sani ba, ko sun sani sun manta, shi ne an sa sunan maƙwabtanmu cikin ƙaryar nan. Aka fito da wasu takardu masu tambarin gwamnatin Nijar, wai ta yi ciniki da Saddam za ta sayar masa da tan 500 na yuraniyam, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit, wanda da shi ake yin bom ɗin nukiliya. Tun Fabrairu 2002 Amurka ta aiki wani tsohon jakadanta, Yusufu Wilsan, zuwa Yamai, ya bincika, ya komo ya ce bai ga alamar cinikin ba. Duk da haka ran 28 ga Janairu 2003 Bush ya tsaya gaban majalisarsu ya ce Ingila ta sami labari Saddam ya nemi yuraniyam mai yawa daga Afirka. Ran 7 ga Maris sai Muhammadu Albarada'i, mutumin Masar, shugaban hukumar da ke lura da nukiliya ta duniya, ya gaya wa Kwamitin Sulhu takardun jabu ne. Kun san da me aka gane? Ɗaya daga cikinsu an rubuta mata kwanan wata na shekarar 2000, an sa mata hannu da sunan Allele Alhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali mutumin ya bar kujerar tun 1989. Wannan ko almajiri mai koyon rubutun wasiƙa ba ya yin irinsa. Kwana 13 bayan an tona, aka fara ruwan wuta a Bagadaza.

Ya ku almajirai, ku riƙe ranar nan, 20 ga Maris 2003, ku koma baya shekara ɗari bisa lissafin Nasara, ku ƙara kwana biyar. Za ku faɗa kan 15 ga Maris 1903, cikin Zulhajji na 1320, ranar da sojan Gwamna Lugga suka kafa igwa da bindiga mai ruwa a filin Giginya, suka ci Sakkwato. Mu mutanen ƙasar nan ba mu bukatar a kai mu Bagadaza kafin mu san yadda ake ɗinka wa mamaya riga.

Hujjojin Lugga uku ne. Ta farko jinin Kyaftin Maloni, wanda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe cikin Oktoba 1902, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Ta biyu wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wai babu kome tsakaninsu sai yaƙi. Akwai masu tarihi da suka yi shakkar wasiƙar nan da fassararta, ba zan shiga saɓaninsu ba. Abin da babu saɓani cikinsa shi ne Abdurrahman ya rasu cikin Oktoba 1902, wata biyar kafin a zo Giginya, wanda aka yaƙa Attahiru ne, shi kuwa bai rubuta ta ba. Ta uku hana cinikin bayi. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan ya fasa ganuwar Kano, bayan ya bi ta kan Bebeji, Sarki Alu ba ya ma gari. Aka kashe Waziri Ahmadu a wajen Kwatarkwashi. Aka bi Attahiru da jama'arsa har Burmi, aka kashe shi ran 27 ga Yuli, da shi da mutane masu yawa, Magajin Keffi na cikinsu.

Yanzu in tambaye ku, wa Katsina ta kashe? Wace wasiƙa ta rubuta? Sarki Abubakar ya tarbi Lugga ba da yaƙi ba, sa'ad da ya biyo daga Sakkwato. Bai tsira ba, ba a daɗe ba suka tuɓe shi, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi, suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko a 1906. Ƙasar Maska da ta Galadima suka shiga hannu tare da sauran, ba a ko nemi wata hujja dominsu ba. In da jinin Maloni ake bi, da an tsaya inda Magaji ya faɗi.

Lugga kansa bai ɓoye ba, wannan kam a ba shi gaskiyarsa. Da ya tara manyan Sakkwato bayan yaƙi, zai naɗa sabon Sarkin Musulmi, ya gaya musu a fili cewa Fulani da takobi suka karɓi ƙasa, suka sami ikon naɗi da tuɓewa da karɓar haraji, yau an fi su ƙarfi, ikon duka ya komo hannun Ingilishi.  Fin ƙarfi, shi ke nan.

In ka ce, ai cinikin bayi gaskiya ne, an yi shi, an kuwa zalunci bayin Allah, sai in ce haka ne, ba mai musu sai wanda bai san tarihin gidansu ba. Sarkin Kontagora Nagwamatse da ɗansa Ibrahim sun cinye garuruwa a yammacinmu, harin Maraɗi ya sha kwasar mutanen kudancin Katsina, mu ma namu sun kwaso na wasu. Rufe kasuwar bayi alheri ne ko daga hannun wa ya zo. Amma ka dubi abin da suka yi da suka sami iko. Suka ce yaron da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma bayin da ke gandaye suka bar su hannun iyayengijinsu, sai wanda ya fanshi kansa, don kada noma ya tsaya haraji ya faɗi. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Shekara 33 ke nan bayan Giginya. Wanda ya rushe ganuwa domin tausayin bawa ba ya barinsa shekara 33.

Faransawa kuwa nasu ya fi muni. A 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ta hallaka Birnin Ƙonni, ta yaƙi Sarauniya a Lugu. Da labari ya kai Faris aka aiko Kanar Kulob ya tsai da su, suka harbe shi a Dankori, wajen Tasawa, ran 14 ga Yuli. Nan ne ƙasar Faransa ta girgiza, gama an kashe hafsa Bature. Daga baya aka rufe bincike, aka ce zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa musu hankali. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram cikin watan nan. An la'anci mutanen biyu, amma ko taƙi ɗaya na ƙasar da suka ci ba a mayar ba. Ɓarawo ne ya tsine wa hannunsa, akuya kuwa tana ɗaure a gidansa.

To, shekara 11 bayan Burmi sai ga ɗayan mudun ya fito. Ran 4 ga Agusta 1914 Jamus ta shiga Baljiyam da yaƙi, Ingila ta ce wannan zalunci ne da ba a yin shiru a kansa, ƙaramar ƙasa ce, akwai kuwa alkawarin kare ta tun 1839. Wazirin Jamus ya yi tasa katoɓarar, ya ce wa jakadan Ingila, yanzu saboda guntun takarda za ku yaƙe mu? Ingilishi suka ɗauki kalmar nan suka buga ta a bangaye suna tara soja da ita. Baljiyam ɗin nan ita ce mai riƙe da Kwango, inda aka yanke hannuwan mutane saboda roba a zamanin sarkinsu Liyofol. Aka ɗebi 'ya'yanmu suka yi yaƙi a Garwa da Mora da Banyo, aka ɗebi kuɗi daga baitulmalin sarakuna, domin a hukunta wanda ya shiga ƙasar da ba tasa ba. Mutumin Baljiyam da ya tsaya wa Jamus sunansa jarumi. Mutanen Satiru da suka tashi da gatari da fartanya a 1906 sunansu 'yan tawaye, aka kashe kimanin dubu 2, aka shafe garin, sarakunanmu na lokacin suna tare da masu shafewa.

Cikin Oktoba 1935 Italiya ta shiga Habasha, ta zuba musu iskar guba. Habasha na cikin majalisar ƙasashe ta zamanin, mai zama a Janiba. Aka sa wa Italiya takunkumi, amma aka cire man fetur daga ciki, aka bar mata mashigin Suwes a buɗe jiragenta na wucewa. Cikin Disamba wazirin Ingila Howa da na Faransa Labal suka ƙulla a asirce a ba Italiya babban yanki na Habasha a huta. Jarida ta tona, Howa ya sauka. A 1941 Cacil da Rusbel suka sa hannu cewa kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen wanda zai mulke ta. Da aka tambayi Cacil a majalisarsu, ya ce mutanen Turai da Jamus ta danne ake nufi, ba ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila ba. Bayan wannan aka kai samarinmu Bama.

Na zamaninmu kuwa kun ji shi da kunnenku a rediyo. Saddam ya shiga Iran a 1980, Amurka ta dafa masa, manzonta Ramsfel ya je Bagadaza ya yi musafaha da shi a 1983. Saddam ɗin nan ya shiga Kuwaiti a 1990, aka tara masa duniya. Mutum ɗaya, aiki iri ɗaya, hukunci biyu. A Maris 2014, da Rasha ta ƙwace Kirimiya, Jon Keri wazirin Amurka ya ce a ƙarnin nan ba a shiga ƙasar wani bisa hujjar ƙarya. Shi kuwa yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu a majalisar dattawansu a 2002 aka ba Bush iznin yaƙin Iraƙi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Wadda ta fi taɓa mu ita ce Libiya. Ran 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya ba da izni a kare farar hula daga jiragen Gaddafi. Ƙasa goma suka yarda, biyar suka ƙi jefa ƙuri'a, kuma kada mu ɓoye, Nijeriya tana cikin goman. Iznin kariya aka bayar, ƙungiyar NATO ta mai da shi iznin tuɓe mai mulki. Aka kashe Gaddafi a Sirti ran 20 ga Oktoba. Da labari ya iske Hilari Kilintan tana gaban masu ɗaukar hoto, ta ce mun zo, mun gani, ya mutu, ta ƙyalƙyale da dariya. Rumbunan makamai suka buɗe, bindigogi suka ratso hamada, arewacin Mali ya faɗi a 2012. Obama da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne mafi munin kuskuren mulkinsa. Ba na cewa Libiya ce ta haifi ta'addancin dajin Rugu da na Kamuku. Wannan cuta tana da saiwa a gida, satar shanu da zaluncin mahukunta da ramuwar gayya da talauci. Amma wutar da ke ci a gida an ƙara mata kara daga waje, manomin Faskari da na Sabuwa da ya bar gonarsa saura, da iyayen yaran Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe cikin Disamba 2020, sun san bambancin ɓarawo mai sanda da ɓarawo mai bindigar soja.

Yanzu zan juyo kanku, ya ku samari, ku yi haƙuri da ni. Cikin Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga yara suna ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna da Katsina, har aka kama teloli. Na kuma ji almajirai a zaure suna cewa, tun da Amurka ta ci Iraƙi, Putin ma ya ci Yukren, an yi daidai. Wannan ita ce maganar da ta sa na tsaya gabanku. Wanda ya faɗi haka bai fasa mudun zalunci ba, ya karɓe shi ne ya juya bakinsa.

Masko ma harshenta yana tuntuɓe. Ran 21 ga Fabrairu 2022, kwana uku kafin yaƙi, Putin ya tara majalisarsa ta tsaro ana nunawa a talabijin, yana tambayarsu ɗaya ɗaya ko a amince da yankunan Donesk da Luhansk su zama ƙasashe masu cin gashin kansu. Da aka zo kan Narishkin, shugaban leƙen asirinsu na waje, sai ya ruɗe, yana in'ina, ya ce ya goyi bayan a shigar da su cikin Rasha. Putin ya katse shi ya ce ba wannan ake magana ba. Cikin Satumba na shekarar aka shigar da su cikin Rasha, har da ƙarin yanki biyu. Ashe mutumin ya karanta shafin gaba ne kafin a buɗe shi. Suka hana mutanensu kiran abin yaƙi, suka sa masa suna aikin soja na musamman, aka ɗaure masu suka, sa'an nan cikin Disamba Putin da kansa ya kira shi yaƙi gaban 'yan jarida. A Maris 2023 wazirinsu Labrof ya ce a Delhi ta Indiya wai yaƙin nan su aka ɗora wa shi, zauren ya fashe da dariya. Rasha kuwa ta sa hannu a 1994 za ta kiyaye iyakar Yukren, bisa sharaɗin Yukren ta ba da makaman nukiliyar da ta gada, ta kuwa bayar. Wannan ma ya zama guntun takarda. Masu ɗaga tuta su tambayi mutanen Afganistan abin da suka gani daga 1979, su tambayi na Gurozni, su tambayi na Mura a ƙasar Mali, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali da baƙin sojan da ke tare da su sun kashe mutum aƙalla 500 cikin Maris 2022.

In ka ce, to, ai mai zargin Putin shi ma ɓarawo ne, sai in ce, ɓarawo in ya ba da shaida an yi sata, a ƙi shaidarsa saboda ba adali ba ne, amma wannan bai mai da tunkiyar ta zama ta wanda ya sace ba. A nemi wasu shaidu. Akwai su kuwa: ran 2 ga Maris 2022 ƙasa 141 suka la'anci mamayar a babban zauren Majalisa, Nijeriya na ciki, biyar kaɗai suka ƙi. Kuma wutar ta iso gonarmu, kowa ya tuna yadda kuɗin buhun taki ya tashi a daminar 2022, gama daga wajen nan ake kawo wasu sinadaransa.

Ku da kuka karanta fiƙihu kun san dabarar malamai. In za su kafa mas'ala ba su cewa wane ɗan wane, sai su ce Zaidu da Amru. Zaidu ya shiga gonar Amru da makami, ya ce ya ji labari Amru na shirin cutarsa, ya kawo takarda, aka duba aka ga ta jabu ce. Mene ne hukuncinsa? A yanke tukuna, kana a buɗe a ga wane ne Zaidu. In an buɗe aka ga Lugga ne, ko Bush, ko Putin, ko wani sarki namu da muke yi wa kirari, hukuncin ya riga ya fita. Abin da ya sa ake ɓoye sunan ke nan.

Mun kuwa ga ranar da aka kusa sa mu zama Zaidu. Cikin Afrilu 2021 aka kashe Idrisa Debi na Cadi, soja suka ture tsarin mulki suka ɗora ɗansa Mahamat. Makaron shugaban Faransa ya tafi Injamena jana'iza ya zauna kusa da shi, Tarayyar Afirka ba ta ko dakatar da Cadi ba. Ran 26 ga Yuli 2023 sojan Nijar suka tsare Bazum, Janar Ciyani ya hau. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ECOWAS, Tinubu na shugabanta, ta ba su kwana bakwai su mai da shi ko a shiga da yaƙi, Faransa na bayanta tana zugawa. Aka rufe iyaka a Jibiya da Illela da Maigatari, aka yanke musu wutar lantarki, magani da abinci suka yi tsada a Maraɗi, 'yan kasuwarmu suka yi hasara, motoci suka yi layi kaya na ruɓewa. Juyin mulki ɓarna ne, a Cadi da Nijar duka, tsare mutum da matarsa ba shari'a kuwa zalunci ne ko wa ya yi shi. Amma wa za a harba? Iyakar nan Ingilishi da Faransawa suka ja ta tsakanin 1898 da 1906, ta raba Katsina da Maraɗi, mai sarautar Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Sojan da za a tura daga nan, kawunsa zai tarar a can.

Ran 5 ga Agusta majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin Arewa suka tsaya a kai. Sarki Sanusi ya je Yamai ya gana da Ciyani, bayansa ayarin malamai ƙarƙashin Shaihu Bala Lau suka je, aka buɗe musu ƙofar da aka rufe wa manzannin ƙungiyar. Wa'adi ya cika, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ran 30 ga watan nan soja suka yi juyin mulki a Gabon, ba wanda ya ambaci runduna. Ran 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta janye takunkumin ba tare da an saki Bazum ba, cikin Maris aka buɗe iyaka. Cikin Mayu Mahamat Debi ya tsaya zaɓe a Cadi aka ce shi ya ci, Faransa ta taya shi murna. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar.

Nan maganata ta tsaya. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.